Ɓarawon Zaune

Daminar da na karye, duk unguwarmu ta Tishigu ba wanda ya kai ni baƙin rai. Wata tifa mai ɗaukar yashi ce ta goge ni a hanyar Kukuo ina cikin yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku da nake jigilar fasinja da shi, ta watsar da mu cikin kwata ni da keken. Keken aka ja shi wurin makanike. Ni kuma aka kai ni wurin maɗori, ya ja ƙafar har na yi ihun da ban yi ba tun ranar kaciya, ya ɗaure ta da kara, ya ce in na kuskura na taka kafin ya ba ni izini, to in nemi wani maɗorin. Aka shimfiɗa mini tabarma a zauren gidanmu, aka jingina mini filo, aka ajiye mini buta da sanda. Mutumin da ya saba zaga Tamale tun asuba ya koma mai gadin ƙofa.

Matata ce ta ɗauki gidan da kokonta da ƙosanta. Ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi. In ta miƙo mini koko in ce ya yi zafi, in ta fifita in ce ya huce. Ƙuda ma in ya sauka a kan ɗorin sai na zagi uwarsa. Abokan aikina su wuce ta ƙofa su danna oda su ɗago hannu, ni kuwa ba abin da nake iya ɗagawa sai waya. Haka nake wuni ina latse-latse, ina jin haushin kowa.

Gidanmu tsohon masaukin fatake ne. Marigayi mahaifina shi ke saukar da masu goro da masu albasa da kanwa da ke bi ta Tamale tsakanin Kumasi da arewa. A jikin zauren akwai wani ɗaki mai ƙofar katako da muke kira ɗakin ajiya. Bafatake zai bar buhunsa ko akwatinsa ya ce sai ya dawo, ya shekara bai waiwayo ba, ya zo ya tarar da ƙullinsa yadda ya ƙulla shi. Dokar da na tashi na sani a gidan guda ce: ba a buɗe ajiya. Ba a ɗaga ta a ji nauyi, ba a shinshina ta, ba a tambayar mai ita me ke ciki. Fatake sun ƙare, manyan motoci sun daina kwana a gari, amma da sunan ɗakin nan ake kwatancen gidanmu har yanzu. Mabuɗinsa kuwa yana ɗaure a bakin zanen mahaifiyata, wadda duk unguwa ke kira Mma.

Ina kwance wata rana sai wani ya turo talla a guruf ɗinmu na direbobi a waya. Wai wani kamfani a Ankara, babban birnin ƙasarmu, yana neman wakilai a Tamale, aiki daga gida, ba sai ka taka ko'ina ba. Ni kam na san irin waɗannan 'yan iskan. Na sha ɗaukar fasinja yana kuka a bayana, ya biya kuɗin rajista, ya biya kuɗin kayan fara sana'a, an toshe lambarsa. Ƙanwar matata ma an taɓa yi mata romon baka da sana'ar haɗa sabulu a ɗaki, ta tura kuɗin kayan haɗi, har gobe kayan suna hanya. Saboda haka ina da ma'aunina da nake alfahari da shi: duk wanda ya ce in fara ba shi kuɗi kafin ya ba ni aiki, ɓarawo ne. Na tura musu saƙo ne ma don in ji ta inda za su ɓullo, in zage su in huce.

Wata mata ta kira ni. Hausarta tas, ba irin tamu ta Tamale ba da muke cusa Dagbanci da Turanci a kowace jimla. Ta kira ni Alhaji, ni da iyakata da filin jirgi in sauke fasinja in juyo. Ta jajanta mini ƙafa, ta yi addu'a mai tsawo. Ta ce ba su buɗe ofis a arewa ba tukuna, suna neman gidan mutunci da kayan abokan cinikinsu za su riƙa sauka, su ɗan huta, yaronsu ya zo da babur ya kwashe. Ina ta jira in ji ta ambaci rajista, shiru. Da na gaji na ce, "Hajiya, ni nawa zan biya?"

Ta yi dariya. "Haba Alhaji! Mu ne za mu biya ka. Kowane kwali da ladansa."

Abin da take so bai taka kara ya karya ba: hoton katina na ɗan ƙasa gaba da baya, hotona riƙe da katin kusa da fuska, sai lambar adireshin nan da aka manna mana a bangon gida. Sharaɗi kuma guda ne, kada a buɗe kayan mutane.

Na yi dariya har ƙafar ta amsa. Na ce, "Hajiya, kin zo gidan. Mu nan tun ba a haifi kamfaninku ba ba ma buɗe ajiya." Matata ce ta ɗauke ni hoton. Har cewa na yi ta dakata in gyara zaman hula.

Kwalaye suka fara zuwa, kowanne an naɗe shi da salatif. Masu kawowa daban-daban ne, 'yan aike na gari, wasu ma na san su a hanya. Mai ɗauka kuwa kullum mutum ɗaya ne, wani dogo da baƙar hular kwano mai rufe fuska. Ba ya sallama, ba ya kashe babur. Ya nuna mini saƙo a waya, a miƙa masa, ya ɗaure ya yi gaba. Lada kuma yana shigowa ta waya ba ɓata lokaci. Ranar farko na sa aka sayo zabo aka yi miya, na zauna ina ci ina hura hanci, ni ma na koma mai ciyar da gida.

Wadda ta fi kowa murna Mma ce. Ta share ɗakin, ta kakkaɓe yana, ta jera katakai a ƙasa don kada danshin damina ya taɓa kayan mutane, har turaren wuta ta sa. Duk wanda ya zo duba ni sai ta ce masa ɗakin baban yaron nan ya tashi. Sau ɗaya ta tambaye ni ko mutanen kirki ne, na ce sosai ma.

Akwai abubuwan da idona ya gani. Takardar da ke jikin kowane kwali sunana ne a kai, ba a matsayin mai ajiya ba, a matsayin mai saye. 'Yan aiken kuma ba sa cewa ga ajiya, cewa suke yi, "Ga kayanka." Matata ta ce ita fa mutumin nan da ba ya amsa gaisuwar Mma bai kwanta mata ba. Na daka mata tsawa na ce ita da ta san ƙosai me ta sani a harkar kamfani.

Wata safiya da hantsi, an ɗauke ruwan sama ke nan, masu sayen koko ba su gama watsewa ba, sai wata mata ta faka babur a ƙofar zaure har taɓo ya fallatso mini tabarma. Mutuniyar kudu ce, da ganin shigarta malamar makaranta. Ba ta gaishe ni ba. Ta dube ni, ta dubi wayarta, ta sake dubana, sannan ta juyo mini da wayar daf da hanci. Ni ne, da hulata a gyare, riƙe da katina, ina murmushi.

Da Hausar kasuwa ta ce, "Kai ne wannan?"

Na ce, "Ni ne. Lafiya?"

"Ina kaya na? Kai ya saya waya, kai ya tura kuɗi na ƙarya. Ina kaya na?"

Ni da saurin fushi, na fara ɗaga murya, wace ce ita da za ta shigo gidan ubana ta kira ni maƙaryaci. Sai ta riƙa nuna mini saƙonni ɗaya bayan ɗaya. A unguwar Gumani take koyarwa. In ta tashi daga makaranta tana sayar da wayoyi daga ɗakinta, ita ma sana'ar gida ce irin wadda na ɗauka ina yi. Wani ya yi ciniki da ita da sunana. Da ta nuna shakka sai ya tura mata hotona da katina, ya ce ga shi, shi ba ɓoyayye ba ne, gidansu sananne ne a Tishigu, ta tambayi kowa. Ya tura mata saƙon da ke nuna kuɗi sun shiga, ta ba ɗan aike kaya. Saƙon na bogi ne. Ɗan aiken ta nemo, shi ya nuna mata ƙofarmu. Na tuna kwalin, ƙarami mai jan salatif. Tun shekaranjiya mai hular kwano ya tafi da shi.

Ta dubi ƙafata ta ce, "Ni ba ya faɗa da mai ciwo. Zan je, zan kawo polis." Ta tayar da babur ta tafi. Masu sayen koko suka yi cirko-cirko da kwanukansu, sannan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da zai je ya faɗa.

Matata ta shigo zaure da ludayi a hannu. Ta tsuguna kusa da ni, ta yi ƙasa da murya don kada Mma ta ji daga ciki. "Maigida, ka san sunan mutumin da ake kawo wa kayan sata yana zaune a gidansa?"

Na sani. Ɓarawon zaune. Tun ina yaro nake jin manya na cewa ya fi mai haura katanga laifi, don ba don shi ba da ɓarawo bai san inda zai kai kaya ba. Ni kuwa ga ni zaune, zama na gaske, a kan tabarma, an kawo na karɓa, an zo na miƙa, an biya ni na ci zabo. Gumi ya karyo mini duk da sanyin ruwan da aka yi. Na taɓa ganin yadda ake yi wa ɓarawo a bakin kasuwa, ban ji a bakin kowa ba, da idona na gani, kuma shi wancan yana da ƙafafu biyu bai tsira ba. Ga wani sabon kwali da aka kawo da sassafe yana bayan ƙofar katakon da na jingina da bangonta.

Na kira matar kamfani. Da farko zuma ce a bakinta. Kuskure ne aka samu a ofis, za a gyara, kada Alhaji ya damu, yaronsu zai zo da azahar ya ɗauki na yau. Na ce ba kwalin da zai ƙara fita daga gidan nan sai an gaya mini gaskiya. Da ta amsa, Alhajin ya ɓace daga bakinta.

"Kai malam, sunan wa ke jikin kwalayen? Fuskar wa mutane suka gani? Ni ka san ni?"

Ban san ofishinsu ba, ban taɓa ganin ko inuwarta ba, sunan da ta ba ni kuwa rabin matan zango, unguwannin Hausawa, shi suke amsawa.

Ta ce, "Ka ba yaro kaya ka zauna lafiya. Ya ce mini akwai wata tsohuwa mai zama bakin ƙofa da carbi. Allah Ya ƙara mata lafiya." Ta kashe waya.

Ban taɓa jin addu'ar da ta tsorata ni irin wannan ba. Gaba kura baya siyaki: 'yan sanda na tafe, mai hular kwano na tafe, ni kuma ko bayan gida sai an riƙa ni. Zuciyata ta ce in miƙa masa kwalin, 'yan sanda su zo su tarar da ɗaki ba komai. Na faɗa wa matata, ta ce to ka ƙara wa kanka laifi ɗaya ke nan, kuma wannan karon da saninka. Na ce to a jefa shi a kwatar bayan gida. Ta ce idon unguwa duka yana kan ƙofar nan. Na yi mata masifa don ba ni da amsa. Kuma duk wanda ya san Tamale ya san ba a minti guda babur bai wuce ba, tsofaffi da 'yan mata kowa a kan babur yake. Duk wanda ya rage gudu kusa da ƙofarmu sai gabana ya faɗi.

Dole aka kira Mma. Ta fito tana share hannu da gefen zane, ta zauna a kujerarta 'yar tsugunne. Na gaya mata komai, kaina a ƙasa, ban da maganar tsohuwa mai carbi. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Tambaya ta yi.

"Wanda ya ba ka ajiyar, mutumin wane gari ne?"

Na ce a waya muke magana.

"Ya taɓa zama a zauren nan? Ya sha ruwan gidan nan?"

Na ce a'a.

"Wa ya kawo shi wurinka? Wa ya san ubansa?"

Na ce ba kowa.

Ta daɗe tana kallona. "Ni na zaci ka san su. Babanka bai taɓa karɓar ajiyar mutumin da bai ga ƙwayar idonsa ba. Sai baƙo ya kwana, ya ci tuwo, wani da muka sani ya ce na san shi, sannan a buɗe masa ɗaki. Shi ya sa ba a buɗe kayan, don an riga an buɗe mai kayan. Kai ka riƙe rabin doka ka yar da rabi."

Ta tashi ta rufe ɗakin, ta datse kwaɗo, ta jawo kujerarta ta ajiye a bakin ƙofar ta zauna. Ta ce wa matata ta sauke kaskon ƙosai ta tafi wurin 'yan sanda yanzu-yanzu, ta riga kowa kai maganar, ta ce mu ne muke kiransu. Na so in ce kada ta bar mu mu kaɗai, kunya ta hana ni. Matata ta yafa mayafi ta fita. Aka bar gurgu da tsohuwa suna gadin kayan sata.

An kira azahar, maza sun shige masallaci, layi ya yi tsit. A lokacin ya zo. Na gane ƙarar baburinsa tun daga kwana. Ya tsaya, bai kashe ba, ya miƙo hannu yadda ya saba. Na ce masa yau babu. Muryar da ta fito daga bakina ba tawa ba ce, ta wani ɗan akuya ce. Ya sauko. Tunda yake zuwa bai taɓa shigowa zaure ba sai ran nan. Ya tako da takalmansa masu taɓo har kan tabarmata, ya tsaya, ya sa bakin takalmi ya taɓa karan ɗorin a hankali. Bai danna ba, taɓawa kawai ya yi. Ba na ganin komai a gilashin hular sai fuskata. Sandata tana kusa da hannuna amma hannun ya ƙi motsi. Na ji fitsari yana neman ƙwace mini, ni da ake tsoron bakina a tasha.

Sai ya juya wajen Mma, ya nuna ƙofar da take tsare.

Mma ta ɗaga kai ta dube shi. "A gidan nan sallama ake yi. Cire kwanon nan in ga da wa nake magana."

Bai motsa ba. Ni dai addu'a nake yi, duk wadda ta zo bakina, har da addu'ar shiga bayan gida. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Abin da na sani shi ne na ji takun mutane da tari a waje, an sallame salla. Mma ta ɗaga murya yadda ban taɓa jin ta ɗaga ba, ta shiga kiran maƙwabta tana gaishe su, Malam ina wuni, Alhaji an fito lafiya, ku leƙo ku ga baƙon da muka yi. Kawuna suka fara leƙowa. Mutumin ya ja da baya, ya fita, ya haye babur. Ban ƙara ganinsa ba, kuma da zai zauna kusa da ni a masallaci gobe ba zan gane shi ba. Da na dubi Mma na ga carbinta ya faɗi ƙasa, ta kasa sunkuyawa ta ɗauka.

Wajen la'asar 'yan sanda suka iso, da matata da malamar Gumani a bayan mota. Kafin su sauko layi ya cika. Yara a kan katanga, mata a bakin ƙofofi, samari sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Na ji kalmar nan, ɓarawon zaune, da kunnena daga cikin taron, wani ya faɗe ta ƙasa-ƙasa, wani ya maimaita. Mma ta buɗe ɗakin. Aka fito da kwalin aka yanka salatif, wayoyi ne sababbi fil, na wani bawan Allah da shi ma aka yi wa irin ta malamar.

Na zaci an gama. Sai babbansu ya ce dole su ga duk abin da ke cikin ɗakin. Akwai sauran kaya a can ƙurya, ajiyar 'yan unguwa da suka daɗe suna kawo wa Mma: ƙullin wata bazawara, kwanukan da wata ke tara wa 'yarta, da wata tsohuwar akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Mma ta tare ƙofa ta ce waɗannan na mutane ne, ba su da haɗi da kwalayen. Ya ce, "Mma, ki yi haƙuri, aiki ne." Ban ga laifinsa ba, ni na jawo. Aka fito da su ƙofar gida inda haske yake, aka kwance ƙullin, aka zazzage kwanukan. Akwatin ba mabuɗi a wurinmu, sai aka sa ƙarfe aka ɓalle kwaɗon.

Akwatin ta wani tsoho ce da ke bayan masallaci, aminin mahaifina, tsohon mahauci da ƙafa ta daina kai shi ko'ina. Ɗan sandan ya zaro wani farin yadi a ninke, ya kama gefe ya ware shi don ya ga ko an ɓoye wani abu a ciki. Ƙamshin turare ya tashi, sabulu da ɗan ƙullin kafur suka faɗo ƙasa. Likkafani ne. Tsohon ya tanadi abinsa, ya kawo inda ya tabbata ba mai gani, don kada hankalin iyalinsa ya tashi. Ɗan sandan da kansa ya rasa yadda zai yi da hannunsa, ya tattara yadin ya miƙa wa Mma da hannu biyu. Gefe ɗaya ya riga ya taɓa taɓo.

Aka cicciɓe ni aka sa a mota. A ofishinsu na ba da bayani, na miƙa waya. Abin da ya cece ni shi ne ban goge saƙo ko ɗaya ba, kuma matata da ƙafarta ta je ta kira su. Suka kira lambar matar kamfani, a kashe, har yau a kashe take. Mai rubuta bayanin ya ce ba ni ne na farko ba. Limamin unguwa ya zo ya tsaya mini aka ba da ni beli, na yi ta zarya daga baya har aka ce ba ni da hannu. Malamar Gumani ba ta samu kayanta ba. Da za mu rabu na ba ta haƙuri, ta ɗaga kafaɗa kawai ta hau baburinta. Hotona da katina kuwa suna can hannun da ban sani ba. Na warke, na koma kan keke, amma har yanzu in baƙuwar lamba ta kira ni sai na faka gefen titi kafin in ɗauka, don ban san a wane gari aka sake yin ciniki da fuskata ba.

Ran nan dai kafin magariba aka dawo da ni gida, aka kwantar da ni a tabarmata. Na tarar Mma ta wanke gefen yadin, ta busar da shi da dutsen guga, tana ninkewa a kan cinyarta. Ta ninke ta ware, ta ninke ta ware, tana neman bin layin ninkin mai shi, ya ƙi komawa. Ƙullin bazawarar da kwanukan ta riga ta mayar wa masu su tun ina can. Ba ta jira kowa ya zo ya tambaya ba, don kada a sa mutum jin nauyin cewa a ba shi kayansa.

Ta sa yadin a akwatin, ta ɗaure murfin da igiya tunda ba kwaɗo, ta yi gammo. Matata ta taso da sauri. "Mma, kawo in kai."

"Ni aka ba, ni zan mayar."

Ta tsallake ƙafata ta fita da akwatin a ka, tsohuwar da muka hana ɗaukar ko bokitin ruwa. Ina kallonta ta ƙofar zaure tana bin gefen kwata a hankali, mutane suna matsa mata hanya, ba mai ce mata sannu. Na kifa fuskata a filo na yi kuka, ban damu da wa ke ji ba.

Ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta shigo, hannunta ba komai sai gammon. Ta zo za ta wuce ni, na ce, "Mma, me ya ce?"

"Ya ce a gaishe ka da jiki."

"Shi ke nan?"

Ta tsaya, ba ta juyo ba. "Ya tambaya ko 'ya'yansa sun gani."

Ta shige ciki. 'Yarsa ta fari tana sahun gaba lokacin da aka ware yadin, na ga sa'adda ta toshe bakinta da mayafi. Mma ma ta gan ta. Ban tambaye ta amsar da ta ba shi ba, ita ma ba ta faɗa mini ba.